Rasuwar Mai Gunji, Injin Ɓarar Gyaɗa na Kwaya

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, Malam Hambali na Kwaya yana sanar da jama'ar Magarya, Dungas da kewaye rasuwar Mai Gunji, injin lantarkin da ke juya masa na'urar ɓarar gyaɗa. Ya cika ranar Laraba da hantsi, buhunan mutanen gari na jibge a gabansa.

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa neman komai ba sai wuta da ɗigon mai. Muryarsa guda ce tun zuwansa, zuuuu, ba hawa ba sauka, har Gaji mai goge ya mai da ita ma'auni: kullum da safe yakan tsuguna a bakin rumfa ya ɗaure tsirkiyarsa daidai da ita.

Gajin nan shi ya fara jin ciwon. Ya gaya wa Hambali wata ƙaramar murya ta shiga ƙarƙashin babbar, zuuu-kir-kir, goge ya ƙi bin ta. Hambali, Allah ya ba shi haƙuri, ya ce ai injin Nasara ba ya mura, gogen ne ya tsufa, a sake masa izga. Aka sake. Aka kuma sakewa. Kafin a ankara wutsiyar dokin mai gari ta koma kamar ta ɓera, ƙaramar murya kuwa sai ƙiba take.

Da makanisiye mai gyaran inji ya zo daga Damagaram da akwatinsa mai allura, ya manna waya a haƙarƙarin majinyacin, allura ta yi rawa inda bai kamata ba. Ya ce ƙwallayen ƙarfen cikinsa sun cinye. Da an kira shi tun ranar da goge ya yi gardama, da an ceto injin. Marigayin ya ce kir, ya ce ƙus, ya yi hayaƙi. Hambali ya yi kuka, ba kunya.

Ya rasu ya bar igiyar robar da ke haɗa shi da na'ura gwauruwa, da doki da ƙudaje suka raina. Ya kuma bar Hambali da alkawari, don ya rantse wa manoma gyaɗarsu za ta ɓaru kafin kamyon, babbar motar masu saye, ya iso ran kasuwa.

Za a rufe shi bayan rumfa gobe da la'asar. Zaman makoki a nan rumfar ne, sai ranar da gyaɗa ta ƙare. Mai zuwa gaisuwa ya taho da tabarma da faifai, a ɗebar masa kasonsa na gyaɗa ya ɓare da hannu. Hambali ya riga ya fara, kuma yana roƙon kada kowa ya miƙa masa hannu wajen gaisuwa, babban yatsansa ya tsage.