Injiniya da Titin da Ya Karkace

Allah Ya yi wa unguwar nan baiwa da Ya ba ta Injiniya. Ba a makaranta ya samo sunan ba. Shi ya raɗa wa kansa ranar da ya bar aikin tsaron sito ya sayi mota, maƙwabta kuma da yake mutanen kirki ne suka taya shi riƙewa.

Ilimin Injiniya a kan taya ya fi ƙarfin na'ura. Ba ruwansa da geji, wannan ɗan ma'aunin iska da kowa ke amfani da shi. Shuri ɗaya yake yi wa taya, ya karkata kunne, ya yanke hukunci. In ya tsaya wurin mai faci, sai an tara masa 'yan kallo kafin ya fara.

"Taya, jama'a, kamar babban mutum take. Dole ta cika ta batse, kowa ya san ta iso. Ɗura mata!"

Mai faci ya taɓa cewa iskar ta yi yawa, tsakiyar tayar kaɗai za ta riƙa taɓa ƙasa ta suɗe, birki ma ba zai kama sosai ba. Injiniya ya dube shi da tausayi.

"Kai da busa iska aka san ka, ni da tunani. Kowa ya tsaya a fanninsa."

Tun daga nan motar ta koma tsalle kamar ƙwallo, ko tsakuwa ta taka sai haƙoran fasinja sun haɗu. Injiniya ya ce ramuka ne ƙanana da idon jahili ba ya gani.

Wata rana ya daki bakin kwalbati da ƙafar gaba. Daga ranar motar ta kama ja hagu, kamar akuyar da ta hango dusa. Makanike ya ce a kai ta a yi mata saitin ƙafa. Injiniya ya ce motarsa da saitinta ta fito daga kamfani, ba wanda zai taɓa mata ƙafa. Sai ya koyi murɗa sitiyari dama yana danne shi, kullum, har kafaɗarsa ta saba, ko a ƙasa yake tafiya a ɗan gicciye yake. Unguwa ta sa wa motar suna Ƙaguwa. Tayar gaba kuwa ta cinye ta gefe ɗaya har wayoyinta suka leƙo.

A nan ne basirar Injiniya ta yi aiki. Ya tsuguna, ya shafa wayoyin, ya miƙe da babban bincike: titin unguwa ne ya karkace hagu.

Abin ya zo daidai da zaɓen shugaban ƙungiyar mazauna unguwa, kujerar da ya daɗe yana haɗiyar yawu a kanta. Abokin takararsa mai kantin magani ne, mutumin da ba ya alkawarin komai sai kwashe shara. Injiniya ya hau benci.

"Shekara da shekaru kuna bin karkataccen titi ba ku sani ba, sai da Allah Ya kawo ni! Zan kawo daraktan hanyoyi da kansa, in sa shi a motata, ya ji da jikinsa. In na tabbatar, ku ba ni kujera. In ban tabbatar ba, ku ba wa mai ƙwayoyi."

Jama'a suka amince, don wasu ma sun fara jin kamar gidajensu sun ɗan jirkice.

Ranar da darakta ya zo, Injiniya ya fito da hular kwano ta aro, ya kunna Ƙaguwa, ya yi baya da ita. A bakin ƙofa tayar nan mai wayoyi ta ce tau! Aka ciro safaya, ita kuma tun ranar da aka sayi motar ba ta sake ganin iska ba. Ga darakta a tsaye yana duba agogo, ga unguwa ta jeru a bakin titi.

Saura motar matarsa. Ita ma'aikaciyar jinya ce, mai auna iskar tayoyinta da safe kafin su yi zafi, mai kai mota saiti da ta ji ta fara ja. Injiniya ya sha yi mata dariya, yana cewa tsoro ne irin na sabon direba. Ta miƙa masa makulli.

"Baban yara, wannan fa ba ta ja ko'ina. Ka sassauta hannu."

"Ni za ki koya wa tuƙi?"

Darakta ya zauna a gaba. Injiniya ya hau titi, ya gyara hula, ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, ka natsu ka lura. Yanzun nan titi zai fizge mu hagu, amma kada ka ji tsoro, kana hannun gwani."

Ya murɗa sitiyari dama ya danne, kamar yadda ya saba. Motar baiwar Allah, mai biyayya ce, ta yi abin da aka ce mata. A hankali, cikin ladabi, ta gangara dama ta kwanta a lambatu.

Ba wanda ya ji ciwo. Darakta ya fito ta taga da takalmi ɗaya. Injiniya ya biyo shi, baƙin ruwa na ɗiga daga hular kwano, ya ɗaga hannu ga jama'a.

"Kun gani ko? Da suka ji darakta zai zo, sai suka juya titin! Yanzu dama yake ja!"

Matarsa ta zare makullinta daga hannunsa.

Mai kantin magani ya hau kujera ba hamayya. Amma unguwa ba ta da butulci, ba ta bar gwaninta haka nan ba. A zaman farko aka naɗa Injiniya shugaban kwamitin yashe lambatu, tunda shi kaɗai ya taɓa duba shi daga ciki.