Dalta Mai Ƙafar Malam

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka zo duba ni ina koyarwar gwaji a wata sakandare a Sandamu ba. Darasin labarin ƙasa ne, kan yadda dalta, wato ƙasar da kogi ke tarawa a bakin teku, ke samuwa. Ni kuwa haifaffen Daura ne, teku ma a waya kawai nake ganinsa.

An ce min Dakta Hajara, malamar kwalejinmu da za ta ba ni maki, ba ta son malamin da ke manne wa allo. Na ce bari in burge ta. Na fito da 'yan aji waje, na tara tudun yashi, na ja masa hanyar ruwa da yatsa, na haƙa ɗan rami a gabansa na ce shi ne teku.

Bayani dai ya tafi daidai. Na ce kogi yakan kwaso laka da yashi daga nesa, in ya iso bakin teku ƙarfinsa ya ragu sai ya sauke kayan, su tare masa hanya, dole ya rarrabu. Na ce akwai mai siffar mafici irin ta kogin Neja, akwai mai kama da ƙafar tsuntsu, sai kuma mai tsini kamar haƙori. Dakta tana gyaɗa kai (nawa kan kuma yana ta kumbura).

"To, ku zuba ido," na ce, na tsiyaya ruwan buta.

Yashi ya shanye tas. Buta ta biyu ma haka. Lokacin bazara ne, ƙasar ta fi kowa ƙishi. Zufa ta keto min, sai kawai na ɗaga bokiti na juye gaba ɗaya.

Ruwan ya kwashe tudun, ya tsallake tekun nawa, ya yo kaina. Laka ta binne min takalmi, ta bi tsakanin yatsun ƙafata tana rarrabuwa.

Dakta ta gyara tabarau, ko murmushi babu. "Malam, wannan wace iri ce a cikin ukun?"

Kafin in buɗe baki, wata ɗaliba, Bilkisu, ta ɗaga hannu. "Mai ƙafar malam ce, Hajiya."

Har Dakta sai da ta rufe fuska da fayil. Ta dai ba ni makin tsira, ta rubuta a ƙasa cewa na san kogunan duniya, saura yashin garinmu.

Tun daga nan, duk abin da zan nuna a aji sai na fara gwada shi a gida, ƙofa a rufe.