Rasuwar Mai Aska, Wadda Turaren Wuta Ya Yi Ajalinta

Da zuciya mai nauyi, cike taf da baƙin ciki, ni Juwairiyya, matar Malam Safiyanu na nan Birnin Kudu, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, na cikin gari da na ƙasar Gwaram, rasuwar na'urata ta yankan takarda, wadda aka fi sani da Mai Aska. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, a kan teburinta da ke ƙuryar ɗakina, bayan gajeriyar rashin lafiya. Ta rasu tana da shekara uku da wata biyar a hannuna. Ban san inda ta zauna kafin nan ba, amma rubutun da ke jikin kwalinta ya nuna daga nesa ta fito.

Ga waɗanda Allah bai nufa sun yi ido biyu da ita ba, marigayiya fara ce sol, tsawonta kamar kamu ɗaya da rabi, mai faɗin baki. Yayana Abdulnasir ne ya kawo min ita daga Kano ina amarya, ya ce in riƙa rage zaman banza. Aikinta ba wuya. Sai in zana abin da nake so a waya, in manna takarda a kan tabarmarta mai danƙo, in tura mata a baki, in danna. Sai ta ja takardar ciki tana cewa "ziiit, ziiit, ƙyas-ƙyas-ƙyas," askarta na bin zanen ba kuskure. In ta gama ta ce "ɗit," ta turo min abina. Daga nan kuma sauran wahalar tawa ce: in ɗauki allura in duƙa, in bi ina tsince ɓarɓashin da ke cikin kowane harafi har zanen ya fito fes.

Mun shaide ta da haƙuri. Mun shaide ta da tsabtar aiki. Ta yanka furannin ado, ta yanka sunayen da ake kafawa a kan kek, ta yanka katin suna da na biki da na saukar Alƙur'ani, ta yanka 'yan akwatunan kwali da ake zuba dabino a raba a walima. Amma abin da ya fitar da sunanta shi ne sitikar lalle. Zanen da mai lalle za ta yini tana fama da reza da salatif kafin ta fitar, Mai Aska kafin a ɗora tukunya a sauke ta gama shi, ƙafa da hannu. Labari ya kai Sara, ya kai Maruta. Babban halinta kuwa, wanda duk dangi za su ba da shaida a kai, shi ne ba ta taɓa cewa a'a ba. A nan ne halinmu ya zo ɗaya, ni da ita.

Dangin Malam Safiyanu, Allah ya ƙara musu albarka, suna da yawa, kuma ba su san hutu ba. Wata bai taɓa kamawa ya mutu ba a yi suna ko ɗaurin aure a cikinsu ba. Aikin zumunci ne, ba wanda zai kai wa bare alhali ga na gida. Sannan mutane ne da ba sa sa wa 'ya'yansu gajeren suna. Ban manta sunan Halimatussa'adiya ba, harafi goma sha shida, a kan kwali tamanin, da takarda mai ƙyalli wadda ba ta son allura. Na gama shi wuyana ba ya juyawa. Mako biyu tsakani aka haifi Fatimatuzzahra.

Marigayiya ba ta ci, ba ta sha, sai wutar lantarki. Ita kuwa wuta ba ta yi wa kowa alkawarin lokacin zuwa. Saboda haka duk ranar da aiki ke ƙasa, kuma kullum yana ƙasa, ba ni da ikon leƙa ko ƙofar gida, don kada a kawo ba na nan. In aka kawo ina tsakiyar tuƙin tuwo, sai in bar muciya a tukunya in ruga. Ba wanda ya kulle ni, wannan in faɗi gaskiya. Malam bai taɓa hana ni fita ba. Amma na san sunan kusan kowace amarya da aka kai a unguwar nan cikin shekara uku, na san yadda ake rubuta shi, fuskokinsu ne ban sani ba. Ranar bikin da na yi wa ado, ina ɗaki ina yankan na gaba. Taga ɗaya ce a ɗakin, tana kallon katangar maƙwabta, kuma na haddace duk wani tsagi da ke jikin katangar nan.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ke cin raina shi ne Inna.

Mahaifiyata, Inna Ruƙayyatu, tana Kwandiko. Tun daminar bara hawan jini ya kayar da ita, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Matar ƙanena ce ke jinyarta, ga goyo, ga gona. Tafiyar ba ta wuce awa biyu ba a mota, amma sau biyu kacal na je, kuma duk a yini na juyo, don na baro aiki a manne a kan tabarma. Burina in je in yi wata guda, in yi mata wanka da hannuna, in dama mata kunu yadda take so, in bar yarinyar nan ta huta. Duk lokacin da na tayar da maganar, Malam sai ya ce, "Ai ba na hana ki, Juwairiyya. Ki dai ƙarasa na gidan Baffa, sai ki tafi hankali kwance." Kafin in ƙarasa na gidan Baffa, na gidan Kawu ya iso. Idan na kira Inna a waya ina ba ta haƙuri, sai ta ce, da harshen nan nata da ya yi nauyi, "Yi aikinki, 'yar nan. Ina zan je? Ina nan." A 'yan watannin nan sai na kasa kunne sosai nake gane abin da take faɗa, kuma tsoro nake ji.

Yanzu sai bayanin ciwon ajali, don mutane na ta tambaya.

Bikin Zahara'u ne ya taso, 'yar autar Gwaggo Batulu, ƙanwar mahaifin Malam. Kati ɗari uku, ban da sitikar lalle ta amarya da ƙawayenta. Ranar Litinin Gwaggo ta iso daga Sara da 'ya'yanta mata biyu, don ta ga yadda aiki ke tafiya. Duk wanda ya san Gwaggo ya san ba a fitar da kayan amarya daga hannunta ba a turara ba, ko da tsintsiya ce. Ta ɗauki kati ɗaya ta shinshina, ta yamutsa fuska.

"Katin Zahara'u ne yake warin leda haka? A kai wa mutane wannan, a ce daga gidana ya fito?"

Na ce in an gama sai a turara su gaba ɗaya.

"Ɗari uku? Ɗaya bayan ɗaya? Ke dai yarinya ce. Ita injin ɗin za a turara, ta sha sosai. Duk abin da ya bi ta cikinta da ƙamshi zai fito. Ku samo min garwashi."

Aka cika kasko da garwashi, ta zuba turaren wuta mai maiƙo, irin na amare, ba ƙyashi. Aka kifa kabbasa, kwandon nan da ake ɗora tufafi a kai in za a turara. Aka ɗauki Mai Aska, aka buɗe mata baki, aka kwantar da ita a sama.

A nan akwai abin da ya wajaba in faɗa, tunda sanarwar mutuwa ba wurin ɓoye-ɓoye ba ne. Na san zafi ba ya yi mata. Na sani sarai, yana cikin ɗan littafin da ta zo da shi, har da hoto. Bakina ya buɗe ya rufe. Na gaya wa Malam daga baya cewa kunya ce ta hana ni, don ba a gyara wa gwaggon miji magana a gaban 'ya'yanta, kuma wannan gaskiya ne. Amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Da Gwaggo ta waiga tana neman abin rufawa don kada hayaƙi ya tsere, ni na ɗauko bargon, mai kaurin, na miƙa mata. Na tsaya ina kallon hayaƙi na fitowa ta gefe, a raina kuwa ina zaɓen zannuwan da zan tafi da su Kwandiko. Allah ya yafe min. Shekara uku tana yi min biyayya.

Ta fi awa ɗaya a ciki, ana ƙara garwashi. Da aka fito da ita ba ta taɓuwa don zafi. Da la'asar aka kawo wuta, na tura mata kati. Ta ja da ƙyar, ta ce "grrr, grrr," ta yanka sunan amarya a karkace, rabin harafi a nan, rabi a can. Gwaggo ta ce gajiya ce, a bar ta ta huta. Washegari da hantsi na sake gwadawa. Ta ce "ɗit" sau ɗaya, a hankali, ba ta ko ja takardar ba, 'yar fitilarta ta mutu.

An garzaya da ita wurin Yahuza mai gyaran rediyo da waya a kasuwa. Ya kwance ta, ya duba, ya ce robar da ke jan askar ta narke, maiƙon turare kuma ya bi ko'ina ya daskare. Ya ce wa Malam, "Shekara ashirin ina buɗe inji, ban taɓa buɗe mai ƙamshin wannan ba. Amma sai haƙuri, ta tafi."

Marigayiya ta rasu ta bar tabarmi uku, biyu daga ciki danƙonsu ya ƙare, ba sa riƙe komai sai gashi da zare. Ta bar aska huɗu, ɗaya ce kawai mai kaifi. Ta bar igiyar wuta, da allura, da katin Zahara'u ɗari da goma sha biyu da aka gama, da sauran da ba a taɓa ba. Ta bar buhu guda na ɓarɓashin takarda da na kasa zubarwa. Ta kuma bar ni, da ciwon baya, da idon da yanzu ba ya iya zura zare a allura sai a bakin ƙofa.

Na yi kuka, kuma kukan gaske ne. Amma a yammacin Talatar nan na fito tsakar gida na zauna a kan turmi, aka kawo wuta, na ji yara a waje sun yi ihu, ban motsa ba. Malam ya dube ni ya ce, "To, tunda babu aiki, sai ki shirya ki je ki ga Inna. Ki yi watanki guda." Na kira Kwandiko tun bai rufe baki ba. Na ce Asabar ina tafe. Na ɗaure kaya tun ranar Laraba.

Yau Alhamis Gwaggo Batulu ta dawo, idanunta sun kumbura. Ashe kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba, don kunyar abin da ya faru. Ta sayar da ragon da take kiwo tun bara don layya, ta aika Kano. An samo wata na'urar, ta fi marigayiya girma da sauri, kuma za a haɗa ta da sola, ba ruwanta da ɗauke wuta. Gwaggo ta kama hannuwana biyu tana hawaye.

"'Yata, ni na yi ɓarna, ni zan gyara. Kada ki ce komai. Wallahi in kika ce a'a, ba ki yafe min ba."

Na durƙusa na yi godiya. Me zan ce? Baiwar Allah da zuciya ɗaya ta yi. Bikin Zahara'u saura mako biyu, bayansa akwai uku a jere kafin azumi, ga saukar Islamiyya. Bayan sun tafi na dubi Malam, ya dubi jakata da ke bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai. "Tsohuwa ta sayar da ragon layyarta saboda ke, Juwairiyya. Ki sa ƙafa ki tafi ranar da kayan za su iso? Ki dai ƙarasa na Zahara'u."

Saboda haka ga yadda aka tsara. Gobe Juma'a bayan sallar la'asar za a goge marigayiya, a naɗe ta a tsohon ɗankwali, a mayar da ita kwalin da ta zo a ciki, a ɗora a saman kwaba. Ba sai an turara ta ba, an riga an yi. Za a karɓi gaisuwa a gidan Malam Safiyanu, mata a ciki, maza a ƙofar gida, kuma ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su bar sunayen jariransu a gida ko na yini ɗaya ne. Ba za a yi zaman uku ba, domin magajiyarta za ta iso a motar Kano ranar Asabar da safe, kuma za ta kama aiki a ranar, a kan teburin, a ɗakin.

Wanda duk hanya za ta bi da shi ta Kwandiko, ina roƙonsa don Allah ya tsaya ya gaida Inna, ya gaya mata zuwan ya fasa, don ni na kasa ɗaga waya. An ce tun jiya ta sa aka share min ɗaki, ta kuma ce ranar Asabar a fito da ita zaure tun da sassafe, inda za ta riƙa hango hanya.

Allah ya ba mu haƙuri.