Ragon da Na Zana

Sati uku da fara koyon zane a ajin yaƙi da jahilci, ragon layyata ya ɓata. Na yago takarda daga kayena, na zana shi tsaf, na miƙa wa Ilu mai amalanke da zai tafi kasuwar Waca.

Ya ce, "Inna, wace dabba ce wannan?"

Na ce, "Ba ka da ido ne?"

Da la'asar sai ga shi janye da jaki, mai jakin na biye da shi yana zage-zage.

"Inna, wallahi kunnuwan sun yi daidai!"

Ni kuwa ƙahoni na zana.

Ragon ya dawo da ƙafarsa washegari. Amma har yau, in jaki ya yi kuka a unguwa, sai maƙwabta su leƙo ta kan danga: "Malama mai zane, ragonki na kira!"