Dardumar Faris

Har yau abin yana cin raina. Zamanin muna karatu a Greensboro ta Amurka, ni da matata muka je birnin Faris na Faransa hutun kwana uku. Na ce mata na san Turawa ciki da bai. Azahar ta riske mu a gidan tarihi, ga darduma fes an kewaye da igiya.

Ta ce, "Malam, igiyar fa?"

Na cire takalmi, na tsallaka, na kabbara. Ban kai ruku'u ba masu gadi suka fitar da ni kamar buhun gero. Wai dardumar shekararta ɗari huɗu. To don me aka saƙa ta?

Da muka koma labari ya bazu, tun daga nan duk gidan da na shiga a unguwarmu ta Glenwood, sai maigidan ya ce, "Ku ɗaura igiya, Malam ya iso."