Dogon Alƙalamin Mushe Abdurrahamani

Mantuwa ta fara cin kaina, har tabarau nakan nema alhali yana bisa hancina, amma ranar da aka yi bikin sallamar Mushe Abdurrahamani, malamin makarantar boko, a Agiye ba ta cikin abin da zan taɓa mantawa.

Sa'ad da muke yara, alƙalami ba abin zaɓe ba ne. Ka karyo kara a bakin gona, ka fiƙe da wuƙa, ka tsoma a tawada. In ya karye ka fiƙe wani. A lakol, wato makarantar boko, aka ba mu mai bakin ƙarfe, wanda ke yi mana ɗige a riga, daga baya bik, wato biro, ya zo ya kori kowa. Yau kuwa mutum yana zaune ƙarƙashin dogon yaro a ƙofar gidansa, a latsa masa waya, a nuna masa alƙaluma iri-iri, har da waɗanda ake sayarwa gunduwa-gunduwa: ga baki, ga bututun tagulla, ga murfi, ga maƙali, kai za ka sassaƙa masa jiki na itace ka haɗa.

Ni mutum ne da ya sha yawo. Na ja mota a Abijan, na yi kafinta a Tarabulus, na daɗe a Bur Sudan, na ƙare a Marsai ta ƙasar Turawa wurin wani tsoho mai injin juya itace. Wurinsa na koyi yadda ake ɗaura guntun ice a inji, yana juyawa kana kai masa kurfi har ya zama abin da kake so. Da na dawo gida na taho da ƙaramin injin, da harsuna huɗu da rabi, da kuma son a san na je (wannan na ƙarshe shi ya fi nauyi a kayana).

Mushe Abdurrahamani abokina ne tun muna kiwon awaki. Ni na bar gari, shi ya zauna ya karantar da rabin yaran yankin nan, daga Cadawa har Gazawa. Da lokacin ajiye aikinsa ya gabato, na yi masa alkawarin alƙalamin da ba a taɓa ganin irinsa ba. Har ƙauyen da ya fara koyarwa na je, na roƙi tsohuwar dirkar ƙirya ta rumfar ajinsa na farko, wadda gara ta gaza ci. Da na tsaga ta, wuri ɗaya ne kawai na samu lafiyayye mai tsawo. Sauran duk tsaguwa ne.

Ɗiyata Rabi ce ta zauna da ni muka zaɓi kayan haɗin a wayarta. Akwai mai latsawa, akwai mai murzawa, akwai mai murfi wanda tawadarsa ruwa-ruwa ce, yana sulɓi bisa takarda ba sai an danna ba. Shi na zaɓa, don hannun Mushe ya fara rawa, kullum yana ƙorafin bik na gajiyar da shi. A nan dai na yi hankali. Sai aka zo batun tsawo.

"Baba, ɗauki gajeren. Shi ke shiga aljihu."

"Gajeren zai ɗauki sunan Mushe? Abdurrahamani Mahaman Sani, ina za ki cusa shi?"

"A rubuta Mushe Abdu mana."

"Mutumin da ya karantar da mijinki za ki yanke wa suna?"

Ta yi dariya ta latsa mai dogon jiki. Gaskiyar magana, ba sunan kaɗai ba ne. Na san dogon ya fi wuyar aiki, don sai ka huda rami mai zurfi a miƙe cikin ice mai taurin kai, in ka karkace kaɗan ya fashe. Ina so a ce ni na iya.

Kuma na iya. Na huda a hankali ina addu'a, na liƙa bututun, na juya, na goge har ƙiryar ta yi ja tana sheƙi kamar an shafa mata zuma. Na ƙona sunan da bakin ƙarfe mai zafi, harafi bayan harafi, daga wuya har gindi. Na yi masa ɗan akwati. Matata Hajiya Indo ta ce tun da ta aure ni ba ta ga na lallaɓa wani abu haka ba, har da ita.

Ranar biki aka kafa rumfuna a filin lakol. Na sa babbar riga, na isa da wuri, na ja maroƙin da aka ɗauko gefe na yi masa bayani dalla-dalla: sunana, ƙasashen da na je, da asalin icen. (Eh, ni da kaina. Ba sai kun tambaya ba.) Sannan aka zaunar da ni a layin gaba, kusa da surukina Malam Garba na Cadawa, mahaifin mijin Rabi. Dattijo ne mai kamewa, malamin allo, ba ya magana biyu.

Muka gaisa, muka tambayi iyali da gona. Sai na ciro akwatin na buɗe, wai in duba ko murfin ya zauna daidai. Ya zauna daidai, na sani, na duba kafin in fito. Na dai juya alƙalamin yadda rana za ta haska shi.

"Masha Allah," in ji Malam Garba. "Alhaji, wanga aikin hannunka ne?"

"Ɗan abin da aka koyo ne a waje."

"Kai, ya yi kyau ƙwarai."

To, kun san al'adarmu. In babba ya yaba abin da ke hannunka, sai ka yi masa tayi, shi kuma ya ce Allah ya bar maka. Na miƙa na ce, "Bismillah, Malam, ai naka ne."

"A'a, Allah ya amfana."

A nan ya kamata in rufe akwatina in rufe bakina. Amma a Bur Sudan na saba da wani irin tayi, inda mai shago zai rantse sai ka ci abincinsa, kai ma ka rantse ka ƙoshi, ku rabu kowa ya ji daɗi, ba wanda ya ci, ba wanda ya riƙe. Bakina ya tafi can ya bar ni zaune a Agiye. Na ji kaina ina cewa, "Wallahi tallahi, Malam, sai ka karɓa!"

Malam Garba ya dube ni a tsanake. Ya ce, "Subhanallahi. Alhaji, ka rantse. Ba zan ja maka kaffara ba." Ya sa hannu biyu ya karɓi alƙalamin, ya bar mani akwatin, ya yi mani addu'a mai tsawo, ni kuwa ina cewa amin kamar wanda ake cire wa haƙori.

Ya gwada sa shi a aljihun gaba, ya ƙi shiga. Ya sake gwadawa, rabinsa na waje. Sai ya maƙala shi a wuyan rigarsa, jikin duka a fili, yana reto bisa ƙirjinsa kamar lambar girma, sunan Mushe na kallon jama'a. Shi boko ba karatunsa ba ne, ya ɗauka ado ne na zana.

Yaya zan ce wa surukina ya mayar mani da kyauta? Mutumin da ɗiyata ke durƙusa wa? Na yi tunanin in sulale ta bayan rumfa, amma layin gaba nake, kuma Hajiya Indo na can ɓangaren mata tana ɗaga mani hannu. Ina cikin wannan lissafi maroƙi ya karɓi lasifika.

"Ina Alhaji, mai Abijan, mai Tarabulus, mai Bur Sudan! Wanda ya sha ruwan Marsai ya dawo! Ya ɗauko dirkar ajin farko ya maishe ta alƙalami! Fito, duniya ta gani!"

Ba abin da ya rage cikin abin da na faɗa masa. Mutumin kirki, ya riƙe amana.

Na tashi da akwatina. Na isa gaban Mushe, na miƙa masa, na raɗa masa, "Ka buɗe a gida."

"A gida?" ya ce, kuma lasifika na bakinsa. "Kai da ka hana ni sakat tun kafin damina? Jama'a, ku matso ku gani!"

Ya buɗe. Ya leƙa. Ya kife akwatin ya girgiza. Ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon da yake yi wa ɗalibin da ya ce akuya ta cinye littafinsa.

"Alhaji, ko irin na Turawa ne, wanda ba a gani?"

Kafin in samo ko kalma ɗaya cikin harsuna huɗu da rabi, wata malama da ke zaune bayan surukina ta leƙo, ta karanta da ƙarfi yadda ake koya wa 'yan aji ɗaya: "Ab-dur-ra-ha-ma-ni... Lah! Ga shi nan a wuyan Baba Malam!"

Filin duka ya fashe da dariya. Har masu ganga suka daina kiɗa don dariya. Ni dai ina tsaye ina duban ƙasa ko za ta yi mani alfarma.

Malam Garba bai yi dariya ba. Ya tambayi malamar abin da aka rubuta, ta gaya masa. Ya gyaɗa kai, ya tashi, ya tako a hankali har gaban Mushe, ya ciro alƙalamin.

"Alhaji ya rantse sai na karɓa, na karɓa, rantsuwarshi ta fita. Yanzu abin nawa ne, ko ba haka ba?"

Jama'a suka ce, "Haka ne!"

"To, Mushe, kai ka karantar da ɗana har ya zama mutum, ban taɓa ba ka komai ba. Ga wanga, ka yi haƙuri da shi, ba yawa."

Ba yawa! Maroƙi kuwa ko numfashi bai ja ba ya juya: "Malam Garba na Cadawa! Mai kyautar da ba a taɓa gani ba!" Aka yi tafi, mata suka yi guɗa, aka ɗauki hoto: Mushe da surukina suna riƙe da alƙalamin, ni a gefe, rabin fuskata ma bai shiga ba. Mushe ya cire murfin ya gwada a tafin hannunsa, ya ce bai taɓa riƙe mai laushin rubutu irinsa ba, ya yi wa Malam Garba godiya har da ƙwalla. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai ma akwatinka ya yi kyau. Ka yi ƙoƙari."

Muka kama hanyar gida ni da Hajiya Indo har muka zo ƙofa. Ta ce, "Alhaji, in wani ya yaba ni a gabanka, don Allah ka yi shiru."

Alƙalamin yana wurin Mushe, da shi yake rubutu kullum, kuma duk garin nan sunansa alƙalamin Malam Garba. Ni kuwa tun daga ranar na daina haɗa tayi da rantsuwa, kuma duk abin da na sassaƙa wa wani, ba ya fita daga akwati sai a hannun mai shi.