Murar da Farfesun Zabo Ya Tona

Wallahi ba hassada ba ce, adalci nake nema. Ana tsakiyar girbin gero a Toranke mura ta kayar da Yaya Sani: zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi, tari kamar tsohon injin niƙa. Ina gona ina soyuwa, shi yana inuwa, har zabo Inna ta yanka masa. Zabo fa! Shekarata talatin a gidan nan, ko ƙafar zabo ban taɓa gani a kwanona ba.

Washegari na shaƙi garin barkono, na ƙudundune a bargo, na dinga zuba atishawa har kaji na watsewa. Na tabbata ko likita ya gan ni sai ya ba ni gado.

Inna ta taɓa goshina. "Sanyi ƙalau kamar randa." Sai ta dire min ragowar farfesun. Na share shi tas, har da suɗe kwano.

"Yayanka ko cokali biyu ya kasa sha," in ji ta. "Mai mura ba ya suɗe kwano, ɗan nan. Ga magirbinka."

Har yau in na yi atishawa a majalisa, ba mai yi min addu'a. Sai dai ka ji, "Jama'a, a ɓoye zabi!"